BAƘO DA MASAUKINSA: BAMBANCIN DANDALIN KAMFANI DA DANDALIN TARAYYA A INTANET

GABATARWA

Garin Maje, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja, a kan hanyar da ta tashi daga Suleja ta nufi Minna, gari ne da ya saba da baƙi. Tun da aka gina ma'ajiyar man fetur ta NNPC a wurin, direbobin tanka da yaransu, da makanikai, da masu sayar da abinci, da 'yan tireda suka yi ta sauka daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan. Kowane baƙo kuwa, kafin ya fara neman abin da ya kawo shi, tilas ne ya san inda zai ajiye kayansa, ya kuma san ko wane ne mai gidan da zai sauka.

Wannan al'ada daɗaɗɗiya ce a wurin Hausawa. A zamanin fataucin goro, idan ayari ya isa Salga ta ƙasar Gonja, kowane falke yana da fatomansa, watau mai masaukin da zai adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Falken da ya dace da fatoma na ƙwarai yakan koma gida da riba. Wanda ya faɗa hannun maras amana yakan koma da labari kawai.

A yau wayar hannu ta mai da kowa baƙo a wani babban gari, watau intanet. Tela da mai sayar da atamfa, da ɗalibi da malami, duk sukan nemi wurin zama a dandalin sada zumunta domin ciniki ko neman labari ko gaisuwa da 'yan'uwa. Amma da yawa sukan shiga ba tare da sun tambayi ko gidan wa suka sauka ba. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa sabon shiga cewa masaukin iri biyu ne: akwai dandalin kamfani, akwai kuma dandalin tarayya, kowanne da amfaninsa da haɗarinsa.

KASHI NA ƊAYA: DANDALIN KAMFANI

Dandalin kamfani shi ne wanda kowa ya fi sani, irin su Facebook da Instagram da TikTok da X. Kowannensu mallakar kamfani ɗaya ne. Kamfanin ne ke da kwamfutocin da ake ajiye saƙonni da hotuna, shi ke rubuta dokoki, shi ke yanke hukunci idan an karya su. Wani lokaci ma dandali da yawa sukan taru a hannun mai gida ɗaya. Kamfanin Facebook na Amurka ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sa'an nan ya canza sunansa zuwa Meta a 2021.

Shiga irin wannan dandali ba ta da wuya. Mutum zai ba da suna da lambar waya, cikin 'yan mintoci sai ya ga an nuna masa abokansa na makaranta da maƙwabtansa. Ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. To, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Tafiyar da irin waɗannan kwamfutoci tana cin kuɗi mai yawan gaske, kuma kuɗin daga talla yake fitowa. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na abin da kamfanin Meta ke samu kuɗin talla ne. Saboda haka kamfani yakan lura da abin da mutum yake kallo, da wanda yake bi, da garin da yake, da tsawon lokacin da ya tsaya a kan kowane hoto, domin ya tabbatar wa masu talla cewa tallarsu za ta kai ga wanda zai saya. Ashe ke nan baƙo yana biyan haya, sai dai da lokacinsa da bayanansa yake biya.

Daga nan ne wani abu na biyu ya taso. Tun da ribar kamfani ta dogara ga daɗewar mutum a dandali, sai aka shirya wani tsarin lissafi na kwamfuta, wanda ake kira algoridim, shi ke zaɓar abin da kowa zai gani. Ba lalle ne saƙon aminin mutum ya zo masa da fari ba. Abin da aka auna cewa zai riƙe hankalinsa shi za a gabatar, kuma sau da yawa abin da ke tayar da fushi ko mamaki ya fi riƙe hankali bisa ga abin da ke ƙara ilmi. Mai sayar da atamfa a Maje tana iya samun mabiya dubu biyar, amma idan ta sa hoton sabon kaya, kaɗan daga cikinsu za su gani, sai fa idan ta biya kuɗin talla.

Abu na uku shi ne katanga. Wanda ke Facebook ba zai iya bin wanda ke TikTok daga shafinsa ba. Idan kuma ya yi fushi ya tashi, mabiyansa ba za su bi shi ba, domin jerin sunayensu yana hannun kamfani.

KASHI NA BIYU: ABIN DA YA RIGA YA FARU

Domin kada a ɗauka wannan magana hasashe ce, ga abubuwa huɗu da suka faru a idon 'yan Nijeriya.

Na ɗaya, a ranar 5 ga Yuni 1921 ba a san wannan al'amari ba, amma shekara ɗari bayan haka, watau ranar 5 ga Yuni 2021, aka dakatar da Twitter a Nijeriya, bayan saɓanin da ya auku tsakanin Gwamnatin Tarayya da kamfanin a kan wani saƙo na Shugaban Ƙasa da kamfanin ya goge. Ba a ɗage dakatarwar ba sai ranar 13 ga Janairu 2022. Wata bakwai ke nan waɗanda cinikinsu ya rataya ga wannan dandali shi kaɗai suna cikin wahala.

Na biyu, a wannan lokaci ne jama'a da dama, har da ofisoshin gwamnati, suka buɗe shafuka a Koo, wani dandali na wani kamfanin Indiya. A watan Yuli 2024 masu Koo suka sanar da rufe shi saboda ƙarancin kuɗi. Duk wanda ya tara mabiya a can, guminsa ya tafi tare da kamfanin.

Na uku, a ranar 4 ga Oktoba 2021 wani kuskure ya auku a cikin na'urorin kamfanin Facebook, sai Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke baki ɗaya a duk duniya har kimanin awa shida. Gida ɗaya ne ya sami matsala, amma ƙofofi uku suka rufe.

Na huɗu, a watan Oktoba 2022 attajirin nan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44. Ya canza dokoki da yawa, ya mai da alamar tabbatar da mai shafi abin sayarwa, sa'an nan a Yuli 2023 ya canza sunan dandalin zuwa X. Ba a nemi shawarar mazauna gidan ba, domin mai haya ba shi da ta cewa ran da aka sayar da gida.

KASHI NA UKU: DANDALIN TARAYYA

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar dandalin tarayya ita ce a dubi wayar hannu. Mai layin MTN a Maje yana kiran ɗan'uwansa mai layin Airtel a Katsina, ko mai layin Glo a Fatakwal, ba tare da ya sayi layinsu ba. Kamfanonin dabam-dabam ne, amma sun yarda da ƙa'ida ɗaya ta haɗa kira. Tun daga watan Afrilu 2013 kuma Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta ba mutum damar barin wani kamfani ya koma wani tare da lambarsa. Haka nan wasiƙar imel take tashi daga wannan kamfani ta sauka a wancan.

A kan irin wannan tsari aka gina dandalin tarayya. Maimakon gida ɗaya mai ɗakuna miliyoyi, sai aka sami dubban gidaje masu cin gashin kansu. Kowane gida wata kwamfuta ce da ke haɗe da intanet dare da rana, wadda masana ke kira saba, amma a wannan darasi za a kira ta masauki. Kowane masauki yana da mai shi, da dokokinsa, da mazaunansa. Mai shi yana iya zama jami'a, ko gidan jarida, ko ƙungiya, ko ma'aikatar gwamnati, ko mutum ɗaya mai sha'awa. Abin da ya haɗa su shi ne wata ƙa'idar aika saƙo mai suna ActivityPub, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a watan Janairu 2018. Ɗan Nijeriya ba zai yi wuyar gane wannan ba: kowace jiha tana da gwamnanta da majalisarta, amma hanya ɗaya ce ta ratsa su, mota kuma tana wucewa daga Neja zuwa Kaduna ba tare da fasfo ba.

Mafi shahara a cikin manhajojin wannan tarayya ita ce Mastodon, wadda wani matashi mai suna Eugen Rochko ya ƙirƙira a Jamus a 2016. Ta yi kama da Twitter ta dā, ana rubuta gajeren saƙo wanda a yawancin masaukai bai wuce harafi 500 ba. Manhajar kyauta ce, kowa yana iya ɗaukarta ya kafa masaukinsa. Akwai kuma Pixelfed ta hotuna, da PeerTube ta bidiyo wadda wata ƙungiya a Faransa ke kula da ita. Abin sha'awa shi ne mai shafi a Mastodon yana iya bin mai shafi a Pixelfed, ya ga hotunansa, ya yi masa magana, ba tare da ya sake yin rajista ba.

Ya kamata a ambaci wasu biyu da ke tsaka-tsaki. Bluesky, wanda aka buɗe wa kowa a Fabrairu 2024, yana da tasa ƙa'idar dabam, kuma ko da yake an tsara shi yadda wasu za su iya kafa nasu masaukin, yawancin masu amfani da shi a kwamfutocin kamfanin suke zaune. Threads kuwa na kamfanin Meta ne, an buɗe shi a Yuli 2023, kuma a 2024 ya fara barin masu shafi su aika saƙonninsu zuwa tarayyar ActivityPub idan sun ga dama. Gidan kamfani ne dai, an buɗe masa taga ɗaya.

KASHI NA HUƊU: ABIN DA BAƘO ZAI TARAR

A ɗauka wani tela ne a Maje, wanda ya saba da Facebook, ya ƙudura zai gwada Mastodon. Ga bambance-bambance shida da zai ci karo da su.

1. Zaɓen masauki. Tambayar farko da za a yi masa ita ce a wane masauki yake so ya zauna. Nan ne sababbin shiga da yawa suke ruɗewa, domin ba su taɓa jin irin wannan tambaya ba. Akwai manyan masaukai na kowa da kowa, kamar mastodon.social, akwai kuma ƙanana na masu sana'a ɗaya ko harshe ɗaya ko gari ɗaya. Wasu ana shiga nan take, wasu sai an rubuta dalilin neman shiga, mai masauki ya duba ya amince.

2. Adireshi mai kashi biyu. Sunansa ba zai tsaya shi kaɗai ba, sai an haɗa da sunan masaukinsa, kamar haka: @suna@masauki. Tamkar a ce wane na gidan wane. Wanda yake neman sa daga wani masauki tilas ne ya rubuta adireshin cikakke. Ya kamata ya sani kuma cewa wani yana iya ɗaukar irin sunansa a wani masauki dabam, saboda haka kashi na biyu na adireshi shi ne abin dubawa.

3. Shiru a ranar farko. A dandalin kamfani, tun kafin baƙo ya zauna an cika masa ido da bidiyo. A nan kuwa zai tarar da shafinsa fayau, domin ba a nuna masa kome sai saƙon waɗanda ya zaɓa ya bi, kuma ana jera su bisa ga lokacin da aka rubuta su, sabo a sama. Shi zai nemi abokan hira da kansa. Hanyar yin haka ita ce ya rubuta saƙon gabatar da kansa, ya faɗi sana'arsa da garinsa, ya kuma yi amfani da alamar # a gaban kalmar da ta dame shi, alal misali #Hausa, domin ana iya bin irin wannan alama kamar yadda ake bin mutum. Wanda ya yi haƙuri na mako biyu ko uku zai ga zauren ya fara cika.

4. Dokoki da mai hukunci. Kowane masauki yana rubuta dokokinsa a fili, ana karantawa kafin a shiga. Idan wani ya zagi telan, ƙarar da zai kai za ta je ga mutum sananne, watau mai masaukin ko mataimakansa, waɗanda galibi aikin sa kai suke yi. Idan kuma wani masauki ya zama matattarar 'yan damfara ko masu zagin jama'a, sauran masaukai suna iya yanke hulɗa da shi ɗungum, kamar yadda unguwa kan ƙaurace wa gidan da ya addabe ta.

5. Kuɗi. Mastodon ba ta da tsarin talla. Kuɗin hayar kwamfuta da na ajiyar hotuna daga aljihun mai masauki yake fitowa, ko daga gudummawar mazauna. Telan yana iya nuna ɗinkinsa idan dokar masaukin ta yarda, kuma duk mabiyinsa da ya duba a lokacin zai gani, amma babu wurin da zai biya domin a tura hotonsa ga waɗanda ba su bi shi ba.

6. Ƙaura. Wannan shi ne babban bambanci. Idan ya ga mai masaukinsa ba ya adalci, yana iya buɗe shafi a wani masauki, ya haɗa tsohon da sabon, sai mabiyansa su koma sabon adireshi da kansu. Yana iya kwashe jerin waɗanda yake bi ya tafi da shi. Sai dai tsofaffin saƙonninsa ba za su bi shi ba, kuma ƙaurar ba ta yiwuwa sai tsohon masaukin yana nan da rai. Idan gini ya riga ya rushe, ba a shiga kwasar kaya.

KASHI NA BIYAR: INDA TARAYYA TAKE DA RAUNI

Ba daidai ba ne a yabi abu a ɓoye aibinsa. Da fari dai, kasuwa da mutane take ci. Masu shiga Facebook a kowane wata sun haura biliyan uku tun 2023. Mastodon kuwa, a ƙarshen 2022, lokacin da jama'a suka yi ta gudu daga Twitter, masu amfani da ita a wata sun tashi daga kimanin 300,000 zuwa miliyan biyu da rabi, daga baya adadin ya ragu. Masu rubutu da Hausa a can kaɗan ne ƙwarai. Telan Maje ba zai tarar da abokan cinikinsa na Suleja da Madalla suna jiran sa ba. Wanda ya rufe shagonsa na cikin kasuwa ya koma zaure saboda zauren ya fi tsabta, sai ya shirya wa yunwa.

Na biyu, ƙaramin masauki yana iya mutuwa idan mai shi ya gaji ko kuɗinsa ya ƙare. Domin rage wannan haɗari, masu Mastodon sun ɗora sharuɗɗa ga duk masaukin da yake so a sa shi cikin jerin da suke nuna wa sababbin shiga: ya riƙa ajiye kwafin bayanai kullum, ya zama akwai mutum na biyu da zai iya riƙe shi idan wani abu ya sami mai shi, ya hana cin zarafin jama'a, ya kuma ba da sanarwar wata uku kafin ya rufe. Masaukin da ba ya cikin jerin ba lalle ne ya ɗauki wannan alkawari ba.

Na uku, sirri. Saƙon da aka aika wa mutum ɗaya a Mastodon ba a kulle yake ba yadda saƙon WhatsApp ko Signal yake. Mai masaukin wanda ya aika da mai masaukin wanda aka aika wa suna da ikon buɗe shi idan sun so. Saboda haka kada a aika lambar asusun banki ko lambar NIN ko asirin iyali ta wannan hanya.

Na huɗu, ƙarfin tsaro. Babban kamfani yana da ma'aikata da na'urori na farautar miyagu. A Yuli 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya, waɗanda ake amfani da su wajen tsorata mutane da hotunan tsiraici domin a karɓi kuɗi. 'Yan sa kai biyu ko uku ba su da irin wannan ƙarfi. Har ila yau, ƙarya da jita-jita suna iya yawo a tarayya kamar yadda suke yawo ko'ina, ko da yake babu injin da ke ƙara tura su.

Na biyar, kuɗin data. Kamfanonin waya sukan sayar da data mai rahusa wadda ta keɓanta ga WhatsApp ko Facebook. Mai shiga tarayya da data ta gama-gari zai yi amfani.

KASHI NA SHIDA: DOKA DA HAKKIN ƊAN ƘASA

Ko a wane gida mutum ya sauka, dokar ƙasa tana bisa kansa, tana kuma kāre shi. Dokar Kāre Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ba kowa ikon ya nemi sanin bayanan da aka tara a kansa, ya nemi a gyara kuskure, ya kuma nemi a goge su bisa sharuɗɗan da dokar ta shimfiɗa. Hukumar NDPC ce ke lura da wannan doka. A Yuli 2024 Hukumar Kula da Gasa da Kāre Masu Saye, watau FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda ya tafiyar da bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da tarar a Afrilu 2025. Ta ɗaya ɓangaren, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hawa kan mai damfara da mai barazana ko a wane dandali ya aikata.

Ƙungiyar da take so ta kafa masaukinta, ko ta malamai ce ko ta direbobi ko ta 'yan kasuwa, tana iya yi, ta kuma yi masa rajistar suna mai ƙarewa da .ng a hannun ƙungiyar NiRA. Hukumomin tarayyar Jamus suna da masaukinsu, gwamnatin Holan ma ta buɗe nata a 2023, domin sanarwarsu ta fito daga adireshin da ba wanda zai iya kwaikwaya. Amma duk wanda ya zama fatoma ya ɗauki amana. Sai ya tanadi kuɗin haya na kowane wata, da masanin da zai riƙa gyara, da mutane masu haƙuri da za su saurari ƙara, ya kuma kiyaye bayanan mazaunansa kamar yadda doka ta ce.

KASHI NA BAKWAI: SHAWARA GA SABON SHIGA

1. Kafin a yi rajista a kowane dandali, a tambaya: wa ke da shi, daga ina yake samun kuɗi, wa ake kai wa ƙara, kuma me za a iya fita da shi ran da aka tashi. Matambayi ba ya ɓata.

2. Gida biyu maganin gobara. Mai ciniki ya riƙe shafinsa na dandalin kamfani inda jama'a suke, ya kuma buɗe na biyu a wani wuri, ya sanar da mabiyansa adireshin tun ana zaman lafiya.

3. A rubuta lambobin wayar abokan ciniki a littafi, da izninsu. Littafin da ke cikin aljihun tebur ba kamfanin da zai rufe shi.

4. Wanda zai shiga tarayya ya fara da masauki mai shekaru, wanda ya rubuta dokokinsa a fili, ya kuma bayyana masu kula da shi. Idan ya waye yana iya ƙaura.

5. A riƙa sauke kwafin jerin waɗanda ake bi da na saƙonni lokaci-lokaci. Dandali iri biyun duk suna da wurin yin haka.

6. Kowane shafi a ba shi kalmar sirri tasa dabam, kuma kada a faɗa wa kowa lambar da aka turo ta waya, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

7. Wanda yake cin amfanin masaukin sa kai, idan yana da hali, ya ba da tasa gudummawa.

8. Iyaye su san dandalin da 'ya'yansu suke, domin kowane dandali yana da iyakar shekarun shiga.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Da me mai shafi yake biyan haya a dandalin kamfani?
2. Wane darasi ke cikin rufe Koo a 2024 ga mai ciniki?
3. A bayyana kamancin da ke tsakanin layukan waya da dandalin tarayya.
4. Me mai ƙaura daga wani masauki yake tafiya da shi, me kuma yake bari?
5. Don me bai kamata a aika asiri ta saƙon Mastodon ba?
6. Idan wata ƙungiya a Maje za ta kafa masaukinta, waɗanne abubuwa huɗu ne tilas ta tanada?